A Bar Wa Baba Ɗogo Ginin Masallaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Maigari, uban wannan taro. Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Sarkin Noma, Sarkin Ruwa da masuntan bakin tabki, dattawan da suka taho daga Safo da Gabi, iyayenmu mata da ke bayan darni, jama'ar Madarumfa masu salla da masu bin gargajiya, ina yi muku sallama, ina gaishe ku da rana.

Sunana Mamman ɗan Lawali magini. Dole in faɗi sunana a garin da aka yanke mini cibiya, domin shekara ashirin da biyu na yi ba na nan, rabin waɗanda ke zaune a gabana a bayana aka haife su. Na gode da tarbar da kuka yi mini, na gode da girman da kuke son ɗora mini yau. Rufin masallacinmu ya faɗi a daminar bara, kun ce ni zan shugabanci sake ginawa, a ajiye Baba Ɗogo wanda ya gina shi tare da mahaifina shekara arba'in da suka wuce. Wasu sun ce ya tsufa. Wasu sun ce ba ya salla da mu, ga kuma malami ya dawo daga Misra. Kafin a shafa fatiha ina da magana uku.

Ta farko, abin da na karanta. Bayan hajji na zauna a Jami'ar Azhar ta Misra. A can na haɗu da wani tsohon shehi mutumin Sham, wanda in an tashi daga fiƙihu yake karantar da tarihin birane da gine-ginen duniya. Ya nuna mana yadda Fir'aunoni suka ɗora dutse kan dutse, yadda Rumawa suka lanƙwasa ƙofa ta ɗauki nauyi ba ginshiƙi, yadda aka zana Bagadaza a zagaye kafin a aza tubalin farko, da yadda ƙubbobin Santambul suke tsaye, ka ɗaga kai har rawaninka ya faɗi. Na so karatun nan fiye da abinci. Amma ni kaɗai ne Bahaushe a cikinsu. In na ga abin mamaki ba ni da wanda zan taɓa in ce masa kai duba. Har na riƙa yi wa bango Hausa, don kada bakina ya manta.

Wata rana shehin ya juyo ya ce da ni, “Kai da ka ce ubanka magini ne, da me kuke gini a ƙasarku?”

Na ce, “Da ƙasa.”

Ya ce, “Wace ƙasa? Daga ina ake ɗibarta? Kwana nawa take yi kafin a ɗora ta?”

Jama'a, ko ɗaya ban sani ba. Na san zurfin harsashin biranen da ban taɓa takawa ba, ban san ramin da ubana yake ɗibar ƙasa ba. Ina yaro aikin laka ƙazanta nake ganinsa, allo na riƙe. Shehin ya buɗe littafinsa ya ce babu ƙasarmu a ciki, ya so in ba shi abin da zai rubuta. Har ya rasu ban ba shi ko layi ɗaya ba.

Magana ta biyu kun san ta, kunya ce ta hana ku tayarwa, to ni zan tayar. Da na dawo bara, na ce zan gina wa kaina soro a kangon gidanmu. Na ɗebo baƙar laka daga bakin tabki don na ga ta yi laushi, na kwaɓa da safe, na ɗora da azahar. Baba Ɗogo ya zo wucewa, ya tsuguna, ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe kamar yadda magina ke yi, ya tofar, ya kaɗa rigarsa ya wuce. Ruwan farko soron ya tsage, ruwa na uku ya zauna. Allah ya sa ina masallacin unguwa, da yau ba ni ke magana ba.

Faɗuwar soron ba ta yi mini ciwo kamar abin da na ji daga baya ba. Ashe duk garin nan an san lakar bakin tabki ba ta gini. Masunta sun sani, mata masu ɗibar ruwa sun sani. Na tambayi ƙanwata Hajara, wadda ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, na ce don me ba ta faɗa mini ba. Ta durƙusa ta ce, “Yaya, wa za shi gyara ma wanda ya ga Misra? Mun zaci wata dabara ce ta can.” Kwana goma sha biyu ina gina kabarina a tsakiyar dangina, kowa yana wucewa yana cewa sannu da aiki, Malam. A Misra na yi kaɗaici don ba a san ni ba. A nan ina kaɗaici don an girmama ni, kuma wallahi na nan ya fi zafi.

Ta uku, kuma ita ce ta tsayar da ni a nan. Ranka ya daɗe, ina roƙon a bar aikin nan a hannun Baba Ɗogo. Masu cewa ba ya salla da mu, shekara arba'in kuna salla a ƙarƙashin rufin da ya ɗaura, bai taɓa zubo muku ko ɗigo ba sai da gara ta cinye azara. Masu cewa ya tsufa, gaskiyarku, kuma tsufan ne ke ba ni tsoro. Shi kaɗai ya rage da ya san ramin jar ƙasa, ya san kwanakin da za ta yi da ciyawa tana ruɓa, ya san ɗanɗanonta in ta nuna. Ba shi da magaji, idonsa ya fara hazo. Birane da yawa na karanta labarinsu waɗanda ganuwarsu ke tsaye har yau, amma babu mai iya gyara tsaga ɗaya a jikinta, domin an bar masu sani sun mutu da saninsu. Abin da ke kaina yana cikin littattafai, ko na mutu wani zai karanta. Abin da ke harshen Baba Ɗogo ba ya ko'ina.

Baba, na san abin da ke tsakaninmu. Da ciwon mahaifina ya yi tsanani ka aika mini da fatake cewa in dawo. Saƙon ya same ni, na ce sai na sauke littafi, na ƙara shekara bakwai. Kai ka yi jinyarsa, kai ka rufe ɗakinsa. Tun da na dawo ba ka ce mini ko sannu ba, kuma ban ga laifinka ba. Ba na neman ka yafe mini a gaban mutane. Gobe bayan asuba zan bi ka bakin ramin ƙasa, in tuɓe rawani, in naɗe wando, in shiga cikin masu taka laka. Ka sa ni inda ka ga dama. In na yi ba daidai ba ka daka mini tsawa kamar yadda kake yi wa kowa, domin shekara ashirin da biyu ke nan ba wanda ya ɗauke ni nasa har ya yi mini faɗa.

Allah ya ja zamanin Maigari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbu, ya cika tabki, ya tsare garinmu daga hari. Allah ya jiƙan Lawali da shehina da magabatanmu. Allah ya ƙara wa Baba Ɗogo kwana da hasken ido, har ya ga rufin nan ya hau. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa ya tarar da mai yi masa magana.

Na gode.