Ɗakin da Na Kasa Yin Addu'a a Ciki

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, daga 'yar ikilisiyarmu ta Illela.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba malamin gona ya kawo 'yan tsakin turawa, irin waɗanda ake kiwo don nama. Zumuntar mata ta karɓi kwando guda ta damƙa mini, domin tun rasuwar maigidana ɗaki ɗaya yake zaune ba kowa. Amana ce. In suka ƙare a hannuna, da wane ido zan dubi matan nan?

Sun fara fiffike ke nan sai ciwo ya shigo. Atishawa, majina, idanu a kumbure, suna wangale baki suna neman numfashi.

Sai ga Yaya Tanko, wan maigidana. Mutumin nan ya taɓa yi wa wani Bafaranshe dako a Ƙonni, ya ga kaji ta bayan shingen waya, shi ke nan ya dawo mana likita. Kaza ɗaya bai taɓa kiwo ba! Abin da ya iya shi ne karkata hula da cewa "wi, wi" irin ta Faransawa.

"Mi kis sani ga kajin Nasara?" in ji shi. "Sanyi na. A toshe kowace kahwa, a hura musu wuta."

Da hannunsa ya liƙe tagar da laka, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya tada hayaƙin busasshen kashin shanu. Ya hana a share ɗakin, wai kashinsu ɗumi ne. Kullum sai na kwashe matattu, shi kuwa yana bakin kasuwa yana shelar cewa hannun mace ne ba shi da albarka. Tir da irin wannan sani!

Wata rana da tsakar rana na shiga, na ja ƙofa, na durƙusa a tsakiyarsu. Na ce, "Ya Uba," sai tari ya sarƙe ni. Na sake, zarni ya cika mini ƙirji. Hawaye na zuba, amma ba na addu'a ba ne, na yaji ne.

Nan Ubangiji ya buɗe mini hankali. Ni ƙatuwar mace na kasa kiran sunansa a ɗakin nan, to ina ga abin da bai cika tafin hannu ba?

Na ɗauko taɓarya na rushe lakar Yaya Tanko. Na kwashe jiƙaƙƙen kashi, na shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi, na ware marasa lafiya a ƙarƙashin rumfa, na riƙa canza musu ruwa. Wasu sun ƙara mutuwa, ba zan ɓoye ba. Sauran suka miƙe. Halleluya!

Ranar Kirsimeti mata suka yanka kajin. Wa kuke tsammani ya riga kowa zuwa da akushi? Har yana gaya wa baƙi dabararsa ce. Na yi masa shimfiɗa a ɗakin nan, wanda na share tas amma zarni bai bar shi ba, na ja ƙofa. Bai kai loma bakinsa ba ya ƙwala kira:

"Saratu, buɗe ƙohwag ga! Kashe ni za ki yi?"

Na gode wa Allah da ya fid da ni kunya. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Ni ko addu'ar ban iya ƙarasawa ba, ya kuwa amsa. Amin.