Mutumin Saman Bene da Ɗakin Ruƙayya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga unguwar Aƙiƙ ta Madina nake rubuto muku, kaina a ɗaure.

'Yata Ruƙayya ce ta kawo wani littafin ƙagaggen labari. Wai nan gaba ruwa zai cinye duniya, saura mutum ɗaya a saman dogon bene, yana kamun kifi ta taga. Na karanta har ƙarshe ina jira ya sami maƙwabci, bai samu ba. Mu nan in ruwa ya taho a kwarin Aƙiƙ, tabarma da shayi muke ɗauka mu je kallo, amma wannan ruwan ya tsorata ni.

Na ce mata, "Wannan bawan Allah in ya mutu wa zai yi masa wanka?"

Ta amsa da Larabci kamar kullum, "Wallahi ya Baba, mirtah." Wai hutawa yake yi! Sai ta ƙara da Hausa, "Ba mai cewa ya tashi ya ba baƙi ɗakinsa."

Malam, duk lokacin Umara gidana cike yake da 'yan uwa daga Kano, ita kuma ta kwashe kayanta zuwa falo. Ni a zatona lada muke tarawa tare. Yanzu ga ƙanwata tana tafe da yara cikin azumi. Na kasa ce mata kada ta zo, na kuma kasa haɗa ido da Ruƙayya.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Littafi ɗaya muka karanta, ni na ga kabari, ita ta ga ɗaki mai makulli.