Direban da ya busa wa yayana hayaƙi a ido

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Lawan bakanike daga Kwanar Dangora.

Ran Talata wani direba, Ɗanjuma, ya kawo gingimarinsa garejinmu cike da tumatirin Kiru, ya ce mota ba ta da ƙarfi. Yayana Malam Sale shekara talatin yana gyaran injin dizal, kuma al'adarsa ya durƙusa bakin salansar mota ya shinshina hayaƙi kafin ya taɓa sifana. Yana durƙusawa, Ɗanjuma ya taka totur da gangan don ya ba abokansa dariya. Baƙin hayaƙi mai zafi ya bugi tsohon nan a fuska, suka yi ta ƙyaƙyatawa.

Idonsa na zubar da ruwa, Yaya ya ce masa, "Ɗana, bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya toshe da kunkunniya. A wanke shi kafin ka hau hanyar Doguwa."

Ɗanjuma ya ce, "Baba, fara wanke fuskarka tukuna." Ya ja motarsa.

Yau kwana uku motar tana tsaye a hawan Doguwa, tumatir ya zama ruwa. Ɗanjuma ya aiko sau biyu yana roƙon Yaya ya je. Idon Yaya na hagu har yanzu bai buɗe ba, amma wai zai tafi. Ni kuwa na ɓoye akwatin sifanunsa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in fito masa da akwatin, ko in bar Ɗanjuma ya durƙusa ya shinshina da kansa?