Takardar da Ba a Janye Ba

Ranka ya daɗe Shugaban cibiya, Manaja, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa, abokan aiki, assalamu alaikum.

Mu a ɗakin renon tsiro Baba Mai Ido muke ce masa. Shekara ashirin da uku yana sunkuye kan madubin ƙara girma da ɗan hantsakinsa, yana tsince jariran tsiro daga farantan gilashi, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya kasance mai haƙuri da tsiro fiye da yadda yake haƙuri da mu. Ya kasance in ya ce wannan ba zai yi saiwa ba, to kada ma ka ɓata kwalba wajen renonsa.

Da aka kawo na'ura mai kyamara don ta riƙa tantancewa, shi aka sa ya koya mata da hotuna dubu tara. To, Baba yana da wata ɗabi'a: lafiyayye ya kwantar da shi a miƙe, maras kyau ya wullar da shi yadda ya faɗi. Haka aka ɗauki hotunan. Ashe yadda tsiro ya kwanta na'urar ta koya, ba lafiyarsa ba.

Dashen bara da na'urar ta tantance ya mutu a hannun manoma, sai ga takarda wai Baba ne ya yi sakaci, aka sallame shi. Kafin ya tafi, a gabanmu ya ɗauko mataccen tsiro ya miƙar da shi, na'urar ta ce ya yi kyau. Ya rubuta rahoto shafi uku ya kai ofis, aka ce ya ɓace. Ya sake kaiwa, ya sake ɓacewa. Ofishin da ko takardar neman hutu ba ta taɓa ɓata a cikinsa ba!

Kwana tara da binne shi, sai ga injiniyoyi sun zo sake ɗaukar hotuna, suna jujjuya kowane tsiro, daidai gyaran da rahoton Baba ya nema. Wa ya gaya musu? Ban ce na sani ba, amma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Hajiya, kin ce min har ranar ƙarshe yana tambaya ko an kira daga ofis. Ba a kira ba. Ranka ya daɗe, yabon da aka yi ɗazu mun ji, mun gode. Abin da iyalinsa ke jira shi ne a janye takardar nan, a rubuce.

Kuma Hajiya, ki dubi ƙasan takardar sallamar da kyau. Sa hannun shaida na biyu nawa ne. An ce min ƙa'ida ce kawai, na ji tsoron aikina, ban tambaya ba. Ki yafe min in za ki iya.

Na gode muku da kuka saurare ni. Allah Ya ji ƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka yi shiru, Allah Ya ba mu ikon gyarawa tun muna da rai. Amin.