Ankon Ladi yana cikin akwatina

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Kafur nake, a sakaya sunana.

Aminiyata Ladi ta raba ankon bikin ƙanwarta, ban ga nawa ba, sai na ce ta yar da ni. Har gidan biki na je na ci mutuncinta gaban baƙi. Ashe nawa yana wurin tela, kyauta za ta ba ni.

Likitar ƙwaƙwalwa ta fahimtar da ni cewa lalura ce mai sa in ɗauki ɗan jinkiri kamar an guje ni. Ta koya mini in dakata, in tambaya tukuna.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Duk da haka ta aiko ɗinkin. Da wane ido zan kalle ta?