Doyar Tsaraba

A tashar Parakou, Suwaiba na jiran motar Djougou da za ta bi ta garinsu Partago ta cika, tana ta tsaki. Wani dattijo na zaune gefenta.

"Baba, yau na ga ta kaina! Na je biro, ofishin hukuma, karɓar takardar ɗana, suka ce gobe. Tela ya kulle shago. Sau shida ina hawa zem, babur ɗin haya, duk a banza!"

"Sannu, 'yata. Wannan doyar fa?"

"In koma Partago hannu rabbana? Tsaraba ce. A kasuwar Arzeke ta nan Parakou na saya da tsadar tsiya, kuma sai na biya mata kuɗin mota."

Dattijon ya ɗaga ɗaya, ya duba jan fentin jikinta.

"Alamata ce wannan. Jiya na kawo ta daga Partago."

Suwaiba ta dafe kai.

"Ashe mu biyu muka yi yawon banza, ni da doya!"