Na Koma Aji da Ƙibata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Jummai daga Bako, ɗalibar jami'a a nan Yola.

Ni mai jiki ce. Duk sanda na shiga aji sai samari su hau buga tebur suna dariya. Na daina zuwa lacca, na daina cin abinci, kullum kuka, har na faɗi a ɗaki. Likita ta ce ciwon damuwa ne, yanzu ina shan magani.

Ranar Litinin na koma. Da suka fara, na juya na ce, "Ku ƙara ƙarfi, ban ji ba!" Na zauna a layin gaba.

Ina gaida Adda Rifkatu da ta kai ni asibiti. Masu buga tebur kuwa, gobe ma ina nan tafe.